Musayar Waƙa: Sabon Lanark, Garin da Masaƙa Ta Haifa

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum. Wannan makon na sauko da mu cikin kwari. Jigonmu wani ɗan ƙaramin gari ne a ƙasar Sikotilan, New Lanark, ni dai Sabon Lanark nake ce masa. Yana bakin Kogin Clyde, kamar kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Gilasgo. Wani attajiri mai suna David Dale ne ya kafa shi a 1785 saboda sarrafa auduga. Ƙa'ida tana nan yadda take: amsa da baiti, hujja a taƙaice. Na buɗe da "wa".

Da sunan Allah zan ɗau alƙalami,
Mai sa ruwa gudu dare da wayewa.

Akwai wani kwari can ƙasar Sikotilan,
Duwatsu sun matse kogi yana kokawa.

Clyde ne sunansa, ba shi da haƙuri,
Daga kan dutse yake ta faɗowa.

Corra Linn ce babbar mafaɗarsa,
Tun daga nesa ka ji rugugi kamar tsawa.

Ba filin noma, ba sararin kiwo,
Sai dai ruwa da ƙarfinsa na turawa.

Dale ya zo da Arkwright mai injin kaɗi,
Suka dubi ruwan suka ce ga baiwa.

Aka fasa dutse aka ja wa ruwa hanya,
Ya bi ta rami, wili na juyawa.

Mazari dubbai suka kama rawa tare,
Aikin da kan ci wata, yini ake gamawa.

Ba gari ne ya haifi masaƙa ba, ku lura,
Masaƙar ce uwa, ita ta yi haihuwa.

Inna Mai Mazari:

Malam, barka da buɗe fage. Ka ce masaƙa, alhali zamanin Dale kaɗi kawai ake yi a wurin, zare ake fitarwa, saƙa sai can gaba. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne ka cika mu da ruwa da dutse, ka bar mu ba mutane.

Malam ka yabi ruwa, ka yabi dutse,
Ka manta hannuwan da aikin suka fara.

Kwarin da ba kowa, wa zai kama zare?
Manoman kusa sun ƙi, sun ce gona ta fi, gara.

Sai Dale ya aika Edinbara da Gilasgo,
Gidajen marasa galihu, a ɗebo masa yara.

Ɗari biyar ko kusa, wasu 'yan shekara shida,
Ba uwa, ba uba, ba mai jin ƙara.

Asuba ƙararrawa, su miƙe cikin ɗari,
Yini a tsaye, zare ya tsinke su gyara.

Ƙurar auduga a hanci da maƙogwaro,
Ƙanana su kutsa ƙarƙashin inji su yi shara.

Na yarda ya ciyar, ya tufatar, ya ba da gado,
Da dare a tara su, karatu a ɗan ƙara.

Wanda ya tsaya tun shida har bakwai na yamma,
Wane baƙi zai gani? Barci ya fi shi dabara.

Ɗan Autan Zaure:

Inna, a gafarce ni in tsoma baki cikin na manya. Ba marayu kaɗai suka cika kwarin ba. A 1791 wani jirgin ruwa ya taso da 'yan ci-rani daga tsibirin Skye na Sikotilan za shi Amurka, guguwa ta dawo da shi tashar Greenock. Ga nawa ɗan guntun.

Inna ki ƙara da mutanen kan tudu,
'Yan tsibirin Skye da suka nufi Amurka.

Talauci ya koro su, suka hau jirgin ruwa,
Sunansa Fortune, wai sa'a, ka ji haka!

Ba su yi nisa ba teku ta murtuke,
Ta jefo su Greenock da ruwa da iska.

Dale ya ji labari ya aika musu saƙo:
Ga ɗaki, ga aiki, wa zai ɗauka?

Wanda ya ci burin gona a bayan teku,
Ya ƙare a kwari, inji na masa kuka.

Gelik suke yi, ba su jin yaren 'yan gangare,
Da hannu ake nuni kafin a iya da baka.

Har yau akwai layin da ake ce wa Caithness Row,
Sunan ƙasar wasu baƙin da nan suka sauka.

Ɗaki guda, iyali guda, gado cikin bango,
Wani a ƙarƙashinsa, da dare a jawo shi tsakar ɗaka.

Tsohon Malami:

Inna, na karɓa, kaɗi ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Auta kuma ka yi ƙoƙari, ko da yake baitinka na ƙarshe ya ɗan yi ɗingishi. To ku dakata ku ji wanda ya sa duniya ta san sunan garin. Robert Owen, an haife shi a Wales a 1771, ya auri Caroline 'yar Dale a 1799, shi da abokan jarinsa suka sayi wurin a kan fam 60,000, ya karɓi ragama a farkon 1800. Babban ginin iliminsa ya buɗe a 1816.

Ku jira surukin Dale, ɗan ƙasar Wales,
Owen, da shi al'amura suka yi canzawa.

Ya ce ɗan da bai kai goma ba, ba shi ba inji,
Ɗibar marayu kuwa, ranarta ta yi faɗuwa.

Da yaro ya iya tafiya a kai shi makaranta,
Uwa ta tafi aiki, hankali na kwantawa.

Ba bulala, ba tukuici, haka ya tsara,
Taswira a bango, da waƙa, har da rawa.

Ya buɗe kanti, kaya mai kyau da rahusa,
Ribar ta koma aji, ba ta ɓacewa.

Da Amurka ta toshe hanyar auduga,
Inji ya yi wata huɗu ba ya motsawa.

Wasu masu masana'antu sun sallami leburori,
Shi ko albashi cikakke yake bayarwa.

Daga nan ma'aikata suka saki jiki da shi,
Da can kallon baƙo suke masa, ba yarda ba sakewa.

Baƙi suka dinga zuwa ganin abin mamaki,
Har yariman Rasha, Nikolas, ya zo dubawa.

Gagarabadau:

Allah ya ja zamanin Malam. Kirari ya yi daɗi, amma a bar ni in ɗaga tabarma. Akwai wani ɗan katako da Malam ya tsallake kamar bai gan shi ba.

Malam ka wasa Owen kamar waliyyi,
Bari in kwance ɗaya ƙullin ka sha mamaki.

Kusa da kowane lebura an rataye ɗan katako,
Fuska huɗu gare shi, ba shi da baki.

Fari in ka yi zarra, rawaya in ka kyauta,
Shuɗi kana tsaka-tsaki, baƙi ka ɓata aiki.

Kullum mai duba aiki ya zo ya juya shi,
Owen ya ratsa, kallo kaɗai ya kashe jiki.

Sai a kwashe launin a zuba a littafi,
Halinka a rubuce kamar na bawan sarki.

Bai tsaya nan ba, ya naɗa masu duba tsabta,
Su bi gida gida, su leƙa har cikin ɗaki.

Matan garin suka raɗa musu suna,
'Yan farautar kuɗin cizo, ana ta musu tsaki.

Gida nasa, kanti nasa, makaranta tasa,
Ran da kuka ɓata, ina za ka ɗaure doki?

Audugar kuma, Malam, wa ya tsince ta?
Bayi a gonakin Amurka, tabon bulala a jiki.

Yaron Lanark na rawa a makaranta,
Ɗan bawa can na jan buhu, ba komai a ciki.

Inna Mai Mazari:

Kai wannan yaro da harshe kake. Zauna ka ji.

Ɗana ka faɗi gaskiya, ban musa ba,
Sai dai akwai sauran zance da za a gyara.

A sauran masana'antu bulala ce mai magana,
Yaro ya yi gyangyaɗi, a tsula masa, a ƙara.

In an ce in zaɓa wa ɗana, katako ko dorina,
Katako zan ɗauka, wa ke neman shawara?

Amma mai zuwa ya leƙa min ƙarƙashin gado,
Da tsintsiya zan tarbe shi, ya je ya kai ƙara.

Zancen bayi kuwa, nan bakina ya mutu,
Zare fari fat, da hawaye aka tara.

Akawu Mai Ƙidaya:

Ina gaida dattawa. Ku kuna faɗa a kan mutum ɗaya da ya yi shekara 25 kawai a garin, alhali injinan sun yi shekara fiye da 180 suna juyi. A 1813 Owen ya saɓa da abokan jarinsa, aka kai wurin gwanjo, ya sake saye da sababbin abokai a kan fam 114,100. A 1825 ya bar garin, ya koma kan sabon zaman da ya kafa a New Harmony, jihar Indiyana ta Amurka. Iyalan Walker suka riƙe har 1881, sannan masu kamfanin igiya na Gourock suka shigo. An ja wuta a 1898, an rufe masaƙar a 1968, an kafa ƙungiyar ceto garin a 1974, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ni dai lamba ce sana'ata, a yi haƙuri da baitina.

Ni akawu ne, ba ni yabo, ba ni zambo,
Ƙidaya na riƙe, ku matso ku ji ta.

Kafin Dale ba kowa, sai tsuntsu da itace,
Zamanin Owen dubu biyu da rabi aka rubuta.

Abokan jari na fari sun ce ana ɓarna,
Riba muke so, ba ginin makaranta.

Na baya masu ibada ne, rawa ta dame su,
Suka ce a rage kiɗa, a riƙe Littafi a karanta.

Ya tattara ya haye teku zuwa Indiyana,
New Harmony ta cinye jarinsa, shekara biyu ta ɓata.

Kwari ya ci gaba da kaɗi ba shi,
Masu igiya suka saye, suka ja wa gidaje wuta.

Kwan fitila ɗaya a ɗaki, kyauta ne,
Goman dare a kashe daga can, kowa ya kwanta.

Ran da ƙararrawa ta yi shiru na ƙarshe,
Matasa suka ɗaure kaya suka hau mota.

'Yan gwangwan suka sayi wurin don tara ƙarfe,
Rufin makarantar Owen kansa ya rufta.

Yau an gyara, masaƙa ta fari ta zama otal,
Baƙi da kyamara ke zuwa suna ziyarta.

Mazauna kuwa ba su haura ɗari biyu ba,
Kashi ɗaya cikin goma bai cika ba, in ka lissafta.

Gagarabadau:

Akawu ya ba ni makami bai sani ba. Shekara 73 bayan tafiyar Owen, har yanzu maigida ne ke faɗa wa mutane lokacin barci.

Akawu na gode, ka taya ni faɗa,
Wuta kyauta, amma makunnin na wurin aiki.

Ko ɗinki kike, ko jariri na kuka,
Goma ta buga, duhu ya rufe ɗaki.

Tsohon Malami:

Gagarabadau, ba ka rabo da tsokana. Amma tunda da ruwa na fara, bari in faɗi inda ya kwana. A 1927 aka buɗe tashar lantarki ta Bonnington a saman garin, tana karkatar da ruwan kogin kafin ya kai ga faɗowa. Shi ya sa yawancin ranaku Corra Linn ba ta rugugin da Dale ya ji, sai in an yi ruwan sama mai yawa ko an dakatar da tashar.

Kogin ma lebura ne, bai taɓa hutu ba,
An cire shi a kaɗi, lantarki yake bayarwa.

An sa shi a bututu tun kafin ya kai dutse,
Mafaɗar ta rame, muryarta na dushewa.

Ran da aka sake shi ya tuna ƙuruciya,
Kumfa fari, kwarin duka na amsawa.

Ɗan Autan Zaure:

Tunda katako ya shigo zance, na naɗa kaina mai duba aiki na wannan zaure. Kowa ya ɗaga kai ya ga launinsa.

Malam fari ne, shi ya share mana fage,
Inna fari ita ma, wa ya isa ya ce ba haka?

Akawu rawaya, lambarsa ta fi baitinsa,
Kowane layi da kalkuleta yake taka.

Yaya Gagarabadau, na juya na juya,
Baƙi ya ƙi barinka, ka yi haƙuri ka ɗauka.

Gagarabadau:

Auta, na karɓa, rataya min shi a wuya,
Baƙin nan ya dace da ni kamar rigar biki.

Sai dai farin Malam a juya shi tukuna,
Na tambaye shi auduga, ya gudu bakin kogi ya yi wanki.

Inna Mai Mazari:

Auta, kawo katakon nan, ba a naɗa ka ba. Kai shuɗi ne, gadon nan naka na tsakar ɗaka har yanzu ƙafarsa ɗaya ta fi sauran tsawo. Malam kuma, yaron nan ya kama ka. Farinka yana hannuna sai ka dawo da baiti a kan wanda ya tsinci audugar, kuma da "wa" ɗinka za ka amsa, kada ka sake amo.