Fedal ɗin eko masu hoton kaset: jabu ne ko kwaikwayo?

Lawali Zariya: Salamu alaikum 'yan jita. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu duk yaron da ya sayo fedal, ɗan akwatin da mai jita ke takawa ya canza sauti, mai hoton kaset a jiki sai ya ce ya samu eko, wato maimaicin sauti, irin na da. Ya je gidan biki ya buɗe ta har ƙarshe, jita ta cika fili da amo, mawaƙi na kiran sunan uwar amarya amma ba mai jin abin da yake faɗi. Ni na ce fedal ɗin nan duka jabu ne. Babu zaren kaset a ciki, babu injin jan zare, babu kan da ke karanta zaren. Kwamfuta ce cikin gwangwani. Su suka ɓata mana kiɗan biki a garin nan na Maradi. Mai ja ya fito.

Sani Bagalam, mai gyara: Wa alaikumus salam. Yaya Lawali, ka janye kalmar jabu. Jabu shi ne a buga sunan wani a kan kayan da ba nasa ba. Kamfanin Roland ne ya ƙera RE-201 Space Echo, akwatin eko mai zaren kaset na gaske, a 1974. Boss kuwa reshen Roland ce, ita ta fito da RE-20 a 2007, sannan RE-2 da RE-202 a 2022. Mai abu ya kwaikwayi abinsa, ta ina ya zama jabu?

Lawali Zariya: Jabu da kwaikwayo ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ila Sabon Gari: Ba ɗaya ba ne, yaya. Jabu ɓoye maka gaskiya yake. Strymon, mai ƙera fedal ɗin eko El Capistan, ba ta taɓa cewa akwai zare a ciki ba, ta faɗa ƙarara lissafi ne ke yin aikin.

Baba Mamman: Yara, ku tsaya ku san abin da kuke gardama a kai. Cikin RE-201 zare yana kwance a sake cikin ɗan ɗaki, ba a naɗe ba. Yana bi ta kan kai mai gogewa, sannan kai mai ɗauka, sannan kawuna uku masu karantawa. Nisan da ke tsakanin mai ɗauka da mai karantawa, da saurin injin, su ke ba da tsawon jinkiri. Shi ya sa in ka murɗa maɓallin Repeat Rate ana cikin kiɗa sai murya ta lanƙwashe sama ko ƙasa, don gudun injin ne ya canza. Echoplex na Amurka dabam yake: gudun zare ɗaya ne, kai ake turawa a kan dogo ya matso ko ya yi nisa. Kuma kowane maimaici sake ɗauka ake a kan zare, don haka na biyu ya fi na farko dushewa, na uku ya fi na biyu, siririn sauti na zubewa har ya zama kamar ana magana a bayan zana. Ga rawar da murya ke yi in robar da ke danne zare ta ci ta wani gefe. Wannan lahani ne na inji, kuma shi ne daɗin.

Ila Sabon Gari: Baba, duk wannan akwai shi a El Capistan. Maɓallin Tape Age na dusar da maimaici, na Wow & Flutter na kawo rawar. Ka sa su duka biyu wajen ƙarfe goma sha ɗaya na agogo ka rufe ido.

Baba Mamman: Kunne na ji ko ido a rufe, ɗana.

Lawali Zariya: To kun ji. Baba ya tabbatar jabu ne.

Baba Mamman: Ban ce jabu ba. Kada ka sa mini magana a baki, Lawali.

Sani Bagalam, mai gyara: In jabu ake nema, ga inda yake. Da yawa daga masu arha da ke shigowa ta Kano, an rubuta musu sunan kaset a jiki, in ka kwance kusoshi huɗun ƙasa za ka tarar da aisi, wato ɗan guntun lantarki da ke yin aikin, mai ƙafa 16, PT2399. Bolt 5 yake ci, shi ya sa za ka ga ɗan 78L05 mai rage bolt a gefensa. Tsawon jinkiri daga ƙafa ta 6 ake saita shi. Yana da tsabta har wajen milisakan 300 da 'yan kai, in ka wuce nan sai shuuu ya biyo kowane maimaici. Dushewar da yake yi daga matatar sauti ce, ba ruwanta da zare. Ba mugun aisi ba ne, amma ba shi da rawar murya sai in an ƙara masa wata da'ira.

Nura Ɗan Gulbi: Malam Sani, me ya kawo Kano cikin zancen? Kayan da ke zuwa ta Yamai daga sama suke saukowa? Duk daga Sin ne. Kullum in abu ya lalace sai a ce na Kano.

Sani Bagalam, mai gyara: Hanya na faɗa, ban zagi kowa ba.

Nura Ɗan Gulbi: Ka faɗi aisin ka bar sunan gari. Rabin jitocin garin nan ta Jibiya da Ɗan Isa suka shigo, ba wanda ya ce musu jabu.

Malama Rabi, situdiyo: Ku yi haƙuri, kun bar rabin maganar. Abin da mutane ke so a Echoplex EP-3 na 1970 ba eko kaɗai ba ne. A bakin shigarsa akwai firiyamfili, wato ƙaramar da'irar ƙara ƙarfin sauti, mai taransista guda irin JFET, yana aiki a kan kusan bolt 22, kuma sautin jita na ratsa shi ko an kashe eko. Shi ke ƙara wa jita kauri da ɗan haske kafin ta isa amfili, akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfin murya. Jimmy Page da Eddie Van Halen duk sun yi aiki da EP-3. Wannan ɓangaren ba lissafin kwamfuta ba ne, da'ira ce ta taransista da kowa zai iya sake ginawa. Akwai fedal da suka kwaikwaye ta: Dunlop EP101 na ƙara ƙarfin sauti har desibel 11, Xotic EP Booster har 20. Yaya Lawali, su ma jabu ne? Ai babu zare a wannan wurin ko cikin na asalin.

Lawali Zariya: Ni eko na ce, ban ce firiyamfili ba.

Malama Rabi, situdiyo: Ka ce duka.

Ila Sabon Gari: Anti Rabi, a ina ake sa firiyamfilin? Ni na san farkon layin fedal.

Malama Rabi, situdiyo: Ya danganta da abin da kake so. In yana gaban obadaraif, fedal mai sa jita gurnani, ƙara masa ƙarfi ba zai ɗaga murya sosai ba, ƙazanta zai ƙara. In yana bayansa, murya ce ke tashi, ya dace da lokacin solo. Eko dai koyaushe bayan obadaraif. In ka sa shi gaba, maimaici da sabon bugu za su shiga obadaraif tare su cakuɗe kamar kunu. EP Booster na karɓar bolt 9 har 18, a 18 yana da sarari, ba ya saurin shaƙewa in ka daki tsirkiya da ƙarfi.

Nura Ɗan Gulbi: Duk wannan zancen Turawa ne. 'Yan Agadas da suka kai jitar ƙasar nan duniya, da wane EP suka yi?

Ila Sabon Gari: Muryar tsofaffin kaset ɗinsu ai muryar zare ce.

Baba Mamman: Zaren kwafi ne, ba zaren eko ba. Kaset ɗin jitar Abzinawa na shekarun 1990 daga rediyo zuwa rediyo ake kwafarsu, kowane kwafi na cin siririn sauti. Kada a haɗa biyun.

Nura Ɗan Gulbi: Ko ma mene ne, hannu ke kiɗa. Mu nan Maradi mun fi son sayen kaya da koyon kiɗa.

Ila Sabon Gari: Ka yi magana a kan kanka, Nura. Kada ka haɗa da mu.

Sani Bagalam, mai gyara: Mai son na asali ya san abin da zai ɗauka. Ƙurar hunturu na manne wa kai, sai an goge da auduga da alkol mai ƙarfi, a bari ya bushe kafin a mayar da zare. Zafin Afrilu na sa robar dannewa ta yi laushi ko ta tsage. Zare na tsufa, sai an canza. Echoplex na Amurka bolt 110 zuwa 120 yake ci, wasu RE-201 na Japan bolt 100, kuran ɗinmu kuwa 220. Ka soka kai tsaye ba taransifoma, hayaƙi za ka gani. A gidan biki da wutar gurup, wato janareto, ke hawa da sauka, ko da taransifomar sai ka haɗa da regilata mai daidaita wuta.

Lawali Zariya: Wahalar kula da abu ba ta mayar da kwafinsa na gaskiya.

Malam Habu, shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An yarda kalmar jabu kuskure ce. An yarda cewa tunda Roland ce mai Space Echo, RE-202 ta fi kowace kusa da asali, har ta ƙara kai na huɗu. Sauran kamfanoni suna biye ne. Masu PT2399 a bar wa masu koyo. Kuma an ji bolt 18 ya fi 9 daɗin murya. Allah ya ba mu alheri.

Ila Sabon Gari: Malam, wa ya yarda? Ba wanda ya ce Boss ta fi. Kai na huɗu ma babu shi a RE-201, to ta yaya ƙari ya zama kusanci?

Lawali Zariya: Ni ban janye ba. Kuma har yanzu ba wanda ya taɓa zancen mawaƙin da ake binnewa a gidan biki.

Malama Rabi, situdiyo: Wannan saiti ne, yaya. A raba 60000 da saurin kiɗa. In bugu 120 ne a minti, jinkiri milisakan 500 ke nan. Kashi uku cikin huɗunsa 375, in kiɗan mai tafiya uku-uku ne a sa 333. Maimaici biyu ko uku sun isa, ƙarfin eko kada ya kai sulusin na jita, kuma in an sa a fedal kada mai mikisa, injin haɗa sautuka, ya ƙara nasa a kai.

Sani Bagalam, mai gyara: Malam Habu, don Allah ka goge maganar bolt 18 kafin wani yaro ya karanta. EP Booster Malama Rabi ta ce, ba kowace fedal ba. El Capistan da RE-2 bolt 9 kawai suke ci, tsakiyar filogi nagatif. El Capistan ta farko na son aƙalla mA 250 na kuran ita kaɗai, sabuwar kuwa 300, in ka jera ta a waya ɗaya da obadaraif za ka ji tsiwa siririya a amfili. In kuwa ka ba ta 18, teburina za ta kwana.