Shugaban ƙungiyar masu wa'adi ya ƙi sauka, kuɗi kuma na hannunsa: wa ake kai wa ƙara?

Katikis_Badawa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayata ga masu sanin dokar coci ce. A ce ƙungiyar sistoci ce ko ta maza masu wa'adi (waɗanda suka yi wa Allah alkawarin talauci, tsarki da biyayya), wanda ya kafa ta shi ne shugaba shekara da shekaru, kuɗin makaranta da na asibiti duk a hannunsa, kuma wajensa ake zuwa neman shawarar ruhaniya. Duk wanda ya ɗaga murya sai a ce ya karya wa'adin biyayya. Bishop yana da ikon sa baki, ko sai Roma?

Fada_SabonGari:
Baba katikis, kafin komai a duba takardar da aka kafa ƙungiyar da ita. Iri biyu ne a kundin dokokin coci na 1983: mai izinin dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) da mai izinin Paparoma (doka ta 589). Idan ta dayosis ce, bishop ba baƙo ba ne. Doka ta 628 ta ɗora masa ziyartar gidajenta har da duba tarbiyyar cikin gida, ta 637 ta ba shi damar sanin halin kuɗinsu, ta 625 kuma ta ce bishop na inda hedikwatar take shi ke jagorantar zaɓen babban shugaba. Idan ta Paparoma ce, ikon bishop ya tsaya kan wa'azi, sujadar jama'a da ayyuka irin su makaranta. Sha'anin cikin gida sai shugaban lardi, sai babban shugaba, sai ofishin Batikan mai kula da masu wa'adi.

Batun daɗewa a kujera, doka ta 624 ta ce shugabanci na ƙayyadadden lokaci ne, sai in tsarin mulkin ƙungiya ya ce dabam game da babban shugaba, kada mutum ya daɗe ba hutu. Yawan shekarun yana cikin tsarin mulkin kowace ƙungiya. Paparoma Leo na 14 ya shugabanci ƙungiyar masu wa'adi ta 'yan Agustin daga 2001 zuwa 2013, zango biyu na shekara shida shida, ya sauka ya ba wani. Inda ake samun matsala galibi wajen masu kafawa ne, saboda ana ganin taɓa su tamkar taɓa baiwar Allah ne. Shi ya sa tun 2020 bishop ba ya iya kafa sabuwar ƙungiya sai da rubutaccen izinin Roma.

Sista_Maryamu:
Fada ya faɗi doka, ni zan ƙara inda abin ke lalacewa. Mabuɗi uku ne bai kamata su haɗu a hannu ɗaya ba: mulki, kuɗi, da sirrin zuciya.

Na kuɗi a bayyane yake. Doka ta 636 ta ce a naɗa ma'aji dabam da babban shugaba, ya kuma riƙa ba da lissafi. Amma ma'ajin da shugaba ya zaɓo don ba ya musu, suna ne kawai. A aikace ga abin da ke tsare dukiya: asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu kafin a ciri ko kwabo, lissafi a gaban majalisa duk wata uku, mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara. Takardun fili su ma kada su kasance da sunan mutum, in ba haka ba ranar da ya rasu dangi za su zo da lauya.

Na ukun ya fi ɓarna kuma ba a cika maganarsa ba. Doka ta 630 ta hana shugaba ya matsa wa na ƙasa da shi, ta kowace hanya, ya buɗe masa zuciyarsa. Ko sauraron furta zunubinsu ba zai yi ba sai in su suka nema da kansu. Dalilin a fili yake: wanda ya san rauninki, kuma shi ke yanke ko za ki yi wa'adin ƙarshe ko a tura ki wani gari, ya riga ya ɗaure ki ba igiya. Biyayya kuwa, doka ta 601 ta ce ana yin ta ne ga shugaba sa'ad da ya ba da umarni bisa tsarin mulkin ƙungiya. Ba a ce duk abin da ya ga dama ba.

Lauya_Nomansland:
Baba, ƙorafin baki a bayan Mas ba ya zuwa ko'ina. A rubuta, a sa kwanan wata, wuri, abin da aka gani da ido, a ware shi daga abin da aka ji a bakin wasu, a riƙe kwafi. Idan hukunci ne aka yanke wa mutum a rubuce, kwana 10 gare shi ya roƙi wanda ya yanke ya janye. In an ƙi, ko aka yi shiru kwana 30, yana da kwana 15 ya ɗaukaka ƙara. Da yawa a nan suke faɗuwa, suna jiran a sasanta har lokaci ya ƙure. Wasiƙar Roma ana iya bi da ita ta ofishin jakadan Paparoma a Abuja.

Idan kuwa lalata da yaro ne ko tilasta wa wani da ƙarfin muƙami, wannan ya wuce cikin gida. Dokar da Paparoma Faransis ya fitar a 2019, aka sabunta a 2023, ta wajabta wa fada da sista su kai rahoto, ta kuma hana a rufe bakin mai rahoton ko a musguna masa. Zuwa wajen bishop bai hana zuwa wajen 'yan sanda ba.

Fada_SabonGari:
Haka ne, sai dai kada a zaci Roma na da sauri. Marcial Maciel ɗan Meziko, fadan da ya kafa ƙungiyar Legionaries of Christ, an daɗe ana kai ƙararsa kafin a dakatar da shi a 2006, kuma sai 2010, bayan mutuwarsa, aka naɗa wa ƙungiyarsa wakilin Paparoma. Don haka a fara da ƙofar da ke kusa. Baba katikis, ka samo tsarin mulkin ƙungiyar, ka duba shekara nawa aka yanka wa shugaba da kuma ranar da aka yi babban taron zaɓe na ƙarshe.