Ta kunnu amma ta ƙi tashi: me za mu kira "boot" da Hausa?

1/ Jiya bayan la'asar wani ɗalibi ya kawo kwamfutar tebur shagonmu a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya sayi sabon SSD, wato faifan ajiyar bayanai, ya ɗora masa Windows da kansa, ya yi kwana biyu yana aiki lafiya lau. Da ya zare tsohon faifan zai ba ƙanensa, sai baƙin allo da ɗan rubutu. Ya ce mini, "Oga, ta ƙi kunnuwa." Ga fanka na juyawa, ga fitila na ci. Ai ta kunnu. Abin da ta ƙi yi daban ne, shi ne Turawa ke kira "boot".

2/ A shago "butin" muke cewa, mun fahimci juna. Amma gaya wa dattijo kwamfutarsa ba ta but, ya ɗauka zancen buta kake. Kalmar ma a can gidansu daga karin magana ta fito, na mutumin da zai ɗaga kansa sama ta hanyar jan madaurin takalminsa. Ba mu da wannan hoton, don haka ba abin fassarawa a ciki.

3/ Ni "tashi" na zaɓa, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Je ka wajen bakanike: an murɗa makulli, fitilun gaban direba sun kawo, inji shiru, me zai ce? Mota ta ƙi tashi. Haka muke ce wa janareta. Kunnawa ba da wuta ce kawai. Tashi shi ne abin da ke biyo baya: ƙaramar manhajar da ke kan allon uwa, BIOS ko UEFI, ta duba kayan ciki, ta bi jerin faifai ɗaya bayan ɗaya, ta nemo wanda zai miƙa ragama ga Windows ko Linux.

4/ Da na kawo wannan shawara, wani malamin Hausa daga Daura ya ba ni amsa cewa "farkawa" ta fi daɗi. Allah ya gafarta malam, ta fi daɗi kam, amma tana da mai ita. Kwamfuta na barci idan an rufe murfinta, ta farka idan an buɗe, ba tare da ta sake bin wancan dogon layi ba. In muka ba "boot" farkawa, ranar da za mu yi bayanin barci sai mu rasa ta cewa.

5/ Inda gardama ta yi zafi shi ne "bootloader", wato ɗan guntun da ake nemowa ya tada babbar manhaja. Wani ya ce matashi. Na yi dariya har na ƙware: matashi saurayi ne, matashi kuma na sa kai ne, yanzu a ƙara masa aiki na uku? Wani ya ce madugu. Madugu kuwa da shi ake tafiya har a sauke kaya, shi ko wannan da ya tada Windows aikinsa ya ƙare. Na tsaya a kan "mai tayarwa". GRUB na Linux mai tayarwa ne, Windows ma da nasa.

6/ Ku ga yadda kalmomin suka warware matsalar ɗalibin nan. Lokacin da yake ɗora Windows bai cire tsohon faifai ba. Windows ya tarar da ɗakin mai tayarwa a can, wani ɗan yanki mai tsarin FAT32, sai ya ajiye nasa a ciki, bai gina sabo ba. Gida a sabon faifai, mai tayarwa a tsoho. Da na faɗa masa haka da Hausa, kafin in rufe baki ya ce, "Ashe makullin na ba ƙanena."

7/ Akwai ta biyu da muke yawan gani: faifai a tsarin MBR, na'ura kuma an saita ta a UEFI zalla, ko akasin haka. MBR tsohon yayi ne na raba faifai yanki-yanki, ba ya wuce terabait 2, manyan yankuna huɗu kacal. Windows 11, wanda ya fito a 2021, UEFI yake so, faifansa kuma GPT, wato sabon tsarin da ya gaji MBR. Tun wajen haɗa filashin ɗora Windows da manhajar Rufus ake zaɓen MBR ko GPT, a nan da yawa suke kuskure. Kafin duk wannan ma a duba "jerin tashi", da maɓallin F9 a HP ko F12 a Dell, don sau tari filashin ne ko tsohon faifai ke sahun gaba.

8/ Ɗalibin dai ba mu goge masa komai ba. Mun tada ta da filashi, muka yanka ɗan wuri a sabon faifan, muka rubuta masa mai tayarwa da umarnin bcdboot, ta tashi kafin a kira magariba.

9/ Saura "Secure Boot". Na ce "tashi da mai gadi", tun da aikinsa ya hana mai tayarwar da ba shi da sa hannu wucewa. Yaron shagona ya ce ya yi tsawo, shi "tashin tsaro" zai riƙa cewa. Malam na Daura, muna jiran hukuncinka.