Zaman gida ne ke kashe mai ritaya?

Tsohon akawu: Jama'a, ra'ayina bai canza ba. Duk wanda ya ajiye aiki ya koma gida ya zauna, jikinsa da hankalinsa sai sun rushe. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Abokan aikina biyu ba su cika shekara uku da ritaya ba muka yi jana'izarsu. A nemi wani aikin kawai.

Tsohuwar nas: Allah ya jiƙansu, Alhaji. Amma ka bincika abin da ya sa suka ajiye aikin? Da yawa hawan jini ko ciwon suga ne ke tura su ritaya da wuri, wato ciwon ya riga zaman gidan. Na yarda rashin motsi illa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na so dattijo ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar ƙafa ta wadatar, ba sai da albashi ba.

Malamin tarihi: Ku ba ni dama in sa baki. Lokacin da Jamus ta kafa fanshon tsufa a 1889, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, sai mutum ya kai 70 yake karɓa, a 1916 aka sauko da shi zuwa 65. Ɗan guntun hutu ne a ƙarshen rayuwa. Yau mutum na iya yin shekara 20 bayan ritaya. Wa zai kwashe shekara 20 yana hutu?

Ɗan autan zaure: Iyayena, ni a gida na gani. Watannin farko mahaifina murna yake, yana barci son ransa. Daga baya sai ya riƙa yin wanka da sassafe, ya sa kaya, ya zauna da makullin mota a hannu, ba inda za shi. Ba kuɗi ya rasa ba. Mai nemansa ya rasa. Sai da ya fara koya wa yaran maƙwabta lissafi muka sake jin muryarsa a gidan.

Malamin tarihi: Abin da binciken jami'ar Harvard, wanda aka fara a 1938, ya yi ta nunawa ke nan: kyakkyawar mu'amala da mutane na kan gaba wajen lafiyar tsufa.

Tsohon akawu: To ai maganata ce! Koyarwar ba aiki ba ne?

Tsohuwar nas: A'a, Alhaji, kai cewa ka yi a koma neman albashi. Ni na gaji da aikin dare, ƙafafuna sun shaida, kuma ba na jin kunyar hutawa. Sau biyu a mako ina raka wata maƙwabciyata asibiti, sauran kwanakin nawa ne da jikokina. Ni na zaɓa, ba wanda ya rubuta mini jadawali.

Tsohon akawu: Hajiya, wanda fanshonsa bai kai shi ƙarshen wata ba fa? Shi ma zaɓi gare shi?