Jonal: jarida ce, kundi ne, ko mujalla?

1/ Jiya wata ɗalibar makarantar koyon fim ta nan Jos ta kawo aikinta shagonmu na ɗab'i a Taminus, a ɗinke mata. Ina buɗe shafuka sai na ga duk inda Bature zai ce jonal, wato inda masana ke buga abin da suka gano, ita "jarida" ta sa. Na ce, ƙanwata, wannan bai zauna ba. Ta ce, to Yaya, me zan sa? Nan na yi turus.

2/ Jarida ta labarin yau ce, gobe an naɗe tsire da ita. Jonal kuwa ajiye ta ake yi. A watan Maris na 1851 wani mutumin Ingila, Frederick Scott Archer, ya buga a wata jonal mai suna The Chemist yadda ake shafa wa gilashi sinadarin kolodiyon, a tsoma shi a ruwan azurfa, a ɗauki hoto tun bai bushe ba. Bai yi rajistar mallakar dabarar ba, kowa ya karanta ya kwaikwaya, shi kuwa ya mutu a 1857 cikin talauci. A 1871 wani likita, Richard Maddox, ya buga dabarar ɗaukar hoto da busasshen gilashi a British Journal of Photography, wasu suka ɗora har aka daina yawo da ɗakin duhu na wanke hoto.

3/ Abin da nake son kalmar ta kamo ke nan: ga abin da na haɗa, ga awonsa, je ka gwada, in ƙarya nake ka rubuto.

4/ Wani malami ya ce kundi. Allah ya gafarta Malam, ɗalibai sun riga sun kama wannan don aikinsu na kammala karatu, kuma kundi sau ɗaya yake fitowa.

5/ "Mujallar fasaha" ta so ta ja ni. Amma ka faɗa wa mai hoto haka, zai zaci ta kyawawan hotunan amare ce. "Mujallar sana'a" kuma tallan tawada da injuna take tuna min.

6/ Maigidana, wanda ya koya min haɗa launi, yana gefe yana shan shayi. Ya ce, ai bincike ake bugawa a ciki, ku ce mujallar bincike mana. Sai a ƙara fanni: mujallar binciken hoto, mujallar binciken ɗab'i.

7/ Ita muka sa. Shafi goma sha ɗaya muka sake bugawa, ban karɓi kuɗin takarda ba tunda ni na tayar da maganar.