Intanet na gida: tsohuwar rauta ko sabbin hanyoyi? Abin da aka tattauna

Assalamu alaikum. Magana ta yi tsawo a kan wace hanyar intanet ce ta fi dacewa da gida, ga abin da na tattaro daga bakin jama'a.

1. Kusan kowa ya yarda rauta (na'urar raba intanet a gida) mai sim ta 4G ce mafi sauƙin farawa: ka saka layi, ka ajiye ta kusa da taga, shi ke nan. Ƙorafin da aka fi yi shi ne na bayan magariba, idan unguwa duka ta hau, bidiyo sai ya riƙa tsayawa. Wasu sun ƙara da tsadar data tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025.

2. Waɗanda aka ja wa wayar faiba (wayar da ke kawo intanet har cikin gida) sun ce ba ta da na biyu wajen tsayuwa, kuma kuɗin wata ne sananne. Amma ba kowace unguwa ta kai ba, kuma in masu haƙar kwata suka tsinke wayar, sai a zauna jiran gyara.

3. A kan Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023, ra'ayi ya rabu sosai. Na karkara sun ce shi ya fitar da su kunya inda sabis ba ya zuwa. Na birni sun ce kuɗin na'urar da na wata sun yi yawa ga gida ɗaya, sai dai maƙwabta su haɗa kuɗi. An kuma ce ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci.

4. Wuta: a ganina wannan ce maganar da ta fi muhimmanci. Duk wanda ka zaɓa, in babu batir ko sola a jikinsa, ɗauke wuta zai kashe shi.

Masu rautar 5G kuwa sun ce ka ari ta maƙwabci ka gwada a ɗakinka kafin ka saya.