Na iya ruwa tun ina yaro, dole sai na yi kwas kafin in yi nutso da tukunyar iska?

Bayawuri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Alƙahira, shekarata ta uku ke nan. Hutun nan mu huɗu muka shirya zuwa Dahab, garin nan na bakin teku a yankin Sinai. Abokin ɗakina Bamisire ne, yana da takardar shaidar nutso, ya ce zai karɓo kaya biyu da sunansa ya ba ni ɗaya mu sauka tare, kuɗin kwas su yi zamansu a aljihuna. Ni kuwa a bakin Kogin Kwara na tashi, tun ban shiga firamare ba nake iyo, nakan nutse in daɗe har a fara cigiyata. Me za a koya mini a kwana huɗu? Shirinmu mu yi nutso Laraba da safe, da daddare mu hau Dutsen Sinai, wanda suke kira Jabal Musa, mu kalli fitowar rana. Ku ba ni shawara.

Anti Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifiyarka ta san da wannan tafiyar? Karatu aka tura ka. In ka ga ba za ka iya gaya mata ba, to ka riga ka san amsar.

Mazaunin Jidda: Ƙanina, shekarata shida ina nutso a nan Bahar Maliya, kuma abin da kake taƙama da shi, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ɗan kogi da riƙe numfashi ya saba. Ka cika huhu a sama, ka nutse, ka taso da iskar da ka shiga da ita, lafiya lau. Da tukunya a baya ba haka lissafin yake ba. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 10 ya ninka. Iskar da ka shaƙa a can a matse take. In wani abu ya firgita ka, ruwa ya shiga gilashin fuskarka ko bututun da kake shaƙar iska da shi ya suɓuce daga bakinka, jikinka zai yi abin da ya koya a Yawuri: ya riƙe numfashi ya cilla sama. Kafin ka kai sama iskar ta ninka girmanta, huhu kuwa ba balan-balan ba ne. Yana iya yagewa, kumfar iska ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. Kuma ba sai da zurfi ba, a ruwan da bai kai mita 2 ba ma yana faruwa.

Abin da ake yi a kwas ke nan. A ruwa mara zurfi za a sa ka cire bututu ka nemo shi kana fitar da iska a hankali, ka cika gilashi da ruwa ka fitar, ka karɓi iska daga abokin nutsonka, a yi ta maimaitawa har hannunka ya haddace. Sannan a kai ka teku sau huɗu tare da malami. Iya iyonka zai yi maka rana, don sai ka yi mita 200 ka kuma zauna saman ruwa minti 10 kafin a ba ka takarda. Ko da ka samu, ta farko a tsarin PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, iyakarta mita 18.

Abokinka kuma ba malami ba ne. An koya masa kula da kansa da taimakon wanda ya iya, ba a koya masa riƙe baƙon da ya ruɗe a ƙarƙashin ruwa ba. In ka cakumo shi, ku biyu za ku tafi.

Sarkin Yawo: Ku daina tsorata yaro. Ni na yi a Sharm el-Sheikh, can kudu da Dahab, bara, ba ni da takardar komai, na ga kifaye kala-kala na fito sumul.

Mazaunin Jidda: Kai da wa kuka shiga?

Sarkin Yawo: Wani malami daga shagon otal. Ya yi mana bayani tukuna, yana kusa da ni har muka fito.

Mazaunin Jidda: To ai wannan daban. Nutson ɗanɗano ke nan, an yarda da shi, malami mai lasisi ke kula da kai kuma ba a wuce mita 12. Bayawuri, in kuɗi ne matsalar, yi wannan, yini guda ne. Ka duba shagon yana da rajistar CDWS, hukumar da ke kula da shagunan nutso a Masar. Shagon da zai miƙa wa mutum ɗaya kaya biyu bai tambayi na wane ne ɗayan ba, ni ko ruwan sha ba zan saya a wurinsu ba.

Likita Hauwa: Kowa ya tsallake maganar dutsen, ita ce ta sa na kasa yin shiru. Tukunyar nan ba iskar oksijin ta asibiti ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin. A ƙarƙashin ruwa naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka, sai a hankali yake fita. In matsi ya ragu da sauri sai ya yi kumfa, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Ciwon gaɓoɓi, kasala, dindiris a hannu ko ƙafa, wani lokaci shanyewar jiki. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 12 in sau ɗaya aka nutse, awa 18 in an maimaita. Dutsen da za ku hau tsayinsa mita 2,285 ne. A wurin jininka, hawansa da shiga jirgi kusan duk ɗaya ne. Ko mai takarda bai kamata ya yi wannan shirin ba, kuma na yi mamakin abokinka bai lura ba. Ku fara hawa dutsen, ku huta, sannan ruwa.

Sai fom ɗin lafiya da ake cikewa kafin kwas, kada ka ɓoye komai. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, sikila, duk sai likita ya gani. Mai mura ma ba ya sauka, don kunne ba zai daidaita da matsin ba, dodon kunne na iya fashewa.

Ɗan Azhar: Ƙarin bayani kaɗan. A Dahab za su ce ku je Blue Hole, ramin nan da zurfinsa ya haura mita 100. A jikin dutsen da ke bakinsa akwai allunan sunayen waɗanda suka mutu a ciki, da yawansu ƙwararru ne masu neman ratsa wata ƙofa da ke wajen mita 55. Ni da gilashi da bututun shaƙa na yi iyo a samansa, na ga murjani har na gaji.

Bayawuri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Jidda, gaskiya da na firgita sama zan yi, ban taɓa tunanin haka ba. Mun mayar da dutsen ranar Litinin, zan yi na ɗanɗanon tukuna. Likita, jinina AS ne, in rubuta a fom ɗin?

Likita Hauwa: Rubuta. AS ba SS ba ne, amma bari likitan nutso ya yanke hukunci, akwai su a Dahab da Sharm. Ka tafi da takardar gwajin jininka.

Anti Ummi: Har yanzu ba ka ce ka kira ta ba.